Baƙin Mai da Lafiyar Giyar Babur

A Kafanchan da kewayenta, babur shi ne jakin zamani. Shi ke ɗauko buhunan citta daga gonakin Kwoi da Kachia, shi ke kai fasinja Kagoro da Zonkwa. Amma da yawa daga masu babura suna kuka cewa giya tana yi musu gardama: sai an taka da ƙarfi kafin ta shiga, ko ta shiga da ƙara. Galibi akan ɗora wa bakanike laifi, alhali kuwa sau da yawa matsalar tana cikin man da aka zuba.

Ga dalili. A mota, inji da akwatin giya kowanne da nasa mai, kuloci kuma a bushe yake aiki. Haka nan tsofaffin baburan da ake gauraya musu mai da fetur, giyarsu tana da mai dabam. Baburan da suka cika hanyoyinmu yanzu kuwa, irin su Bajaj Boxer, mai guda ne ke wanke inji da haƙoran giya da fayafayan kuloci baki ɗaya. Watau abin da ka zuba wa inji, shi ka zuba wa giya.

Saboda haka man mota bai dace da babur ba, ko da ya fi tsada. Akan sa wa yawancin man motocin zamani sinadarin ƙara santsi domin rage shan fetur. Kuloci kuwa ba ya son santsin da ya wuce kima, domin aikinsa kamawa ne. Idan fayafayansa suka sha irin wannan mai, sai su riƙa sulɓewa. Mahayi zai ji inji yana ruri a kan hawa, ga kaya a baya, amma babur ba ya gaba. Wannan ne ya sa a 1998 masana'antun Japan suka fito da ma'auni na musamman don man babur. A duba jikin galan: in an ga JASO MA ko MA2, man ya dace da kulocin da ke cikin mai. Mai alamar MB na baburan da ba a canza musu giya da ƙafa ne.

Sai batun kauri. Lambobi irin su 20W-50 ko 10W-40 suna nuna kaurin mai cikin sanyi da kuma cikin zafi, kuma littafin da ya zo da babur ya faɗi wanda ya dace da shi. Da sanyin safiya lokacin hunturu, musamman a gindin duwatsun Kagoro, mai yakan yi nauyi ya manne fayafayan kuloci, sai giyar farko ta shiga da gigita. Maganin wannan shi ne a bar inji ya ɗan yi ɗumi kafin a tashi. Ba hikima ba ce a zuba mai mafi kauri wai don ya daɗe.

Haƙoran giya suna niƙa mai kullum har ya tsinke, shi ya sa giya takan fara tauri idan lokacin juye ya yi. Mai babur na haya, wanda ke yini cikin ƙura, kada ya jira mai ya ƙone. Idan kuma aka ratsa rafi da damina, aka ga mai ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga, a juye nan take.

Ana gargaɗin jama'a game da man da ake aunawa a kwalabe a bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba. A sayi mai a rufe, mai ɗauke da alamar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON. Idan an zuba man kirki giya ba ta daina gardama ba, sai a sa bakanike ya duba wayar kuloci da saƙin sarƙa.