Wa Ke Ci Tare Da Wa? Nazari A Kan Zamanmu Na Makaranta

Nazarinmu na bana yana kan Ayyukan Manzanni sura 6, aya 1 zuwa 7, da kuma Galatiyawa sura 2, aya 11 zuwa 14. Zai yi kyau kowa ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta wuraren nan biyu kafin ya ci gaba. Dukansu maganar abinci suke yi, dukansu kuma sun shafi jama'ar da harshensu da al'adarsu ba ɗaya ba ne, wato jama'a irin tamu.

Irin makarantarmu ba yau aka fara ta ba. Masu bishara da suka zo daga Turai da Amurka sun zauna a ƙauyuka masu nisa, inda babu makarantar da za ta shirya 'ya'yansu domin karatun ƙasashensu. Ko dai a tura yaro ƙetaren teku ya yi shekaru bai ga uwarsa ba, ko kuwa a gina masa makaranta a kusa. Haka aka buɗe Rift Valley Academy a Kijabe ta ƙasar Kenya a 1906. A nan Nijeriya, mishan ɗin 'Yan'uwa, wanda ya fara aiki a Garkida a 1923, wanda kuma daga cikinsa EYN ta fito, ya buɗe Hillcrest a Jos a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da hawa jirgin ruwa ya zama kasada. A 1955 waɗansu mishan suka haɗa hannu da shi wajen riƙon makarantar. SIM ma ta buɗe Kent Academy a Miyango, daga baya kuma Sahel Academy a Yamai. Tamu ƙanwa ce a cikinsu. Amma abin da ya same su ya same mu: gidan da aka gina domin 'ya'yan masu bishara ya cika da 'ya'yan ƙasa, da 'ya'yan likitoci da 'yan kasuwa daga Labanan, Indiya da Koriya, Kirista da waɗanda ba Kirista ba.

To, mu koma Urushalima. Masu bi suna ta ƙaruwa, ana kuma raba abinci kowace rana ga gwauraye, wato matan da mazansu suka rasu. Sai gunaguni ya tashi. Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu wajen rabo. Mu lura da kyau: dukansu Yahudawa ne, dukansu sun ba da gaskiya ga Almasihu. Harshe ne da wurin girma kawai suka raba su. Littafi kuma bai ce da gangan aka yi ba. Mai rabo ya san tsofaffin unguwarsu, ya san sunansu, yana jin maganarsu. Baƙuwar da ba ta iya yi masa bayani da harshensa ba, sai ta koma gida da kwano wayam, shi kuwa ya kwanta da zuciya fara.

Manzanni ba su tsawata wa masu gunaguni ba, ba su kuma ce a yi haƙuri kawai ba. Suka tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida a danƙa musu aikin. Ku duba sunayen: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas da Nikolas mutumin Antakiya. Duka bakwai sunayen Helenanci ne. Shi ya sa masana da yawa suke ganin daga ɓangaren masu kukan aka zaɓo su. Wato ludayin ne aka miƙa wa waɗanda aka tsallake. Aya ta 7 kuwa ta nuna mana cewa bayan wannan Maganar Allah ta ƙara yaɗuwa.

A makarantarmu, wane harshe ne ke riƙe da ludayi? Turanci ne, ba musu. Da shi muke koyarwa, da shi muke sujada, da shi ake rubuta jarrabawa, kuma ba mu ce a sāke wannan ba, gama shi ne ya sa ɗan Koriya da ɗan Birom suke iya zama a benci ɗaya. Amma wanda aka haifa da Turanci a bakinsa ya fara tseren da rata, ko da bai sani ba. Yarinyar da ta zo daga Kamaru da Faransanci tana iya sanin amsar lissafi sarai, kafin ta harhaɗa kalmomin an riga an wuce ta. Idan malami ya ba da maki ga mai saurin ɗaga hannu kaɗai, to, ya raba abinci ga 'yan unguwarsu ke nan. Maganin ba shi da tsada. A yi tambaya, a dakata kaɗan, a bar kowa ya rubuta amsarsa, sa'an nan a kira suna.

Akwai kuma abin da ba harshe ba ne amma yana magana. Yaron da aka yi wa tarbiyya a gidan Bahaushe ko Babur yana sunkuyar da kai idan babba yana yi masa faɗa. Malamin da ya zo daga Amurka zai iya ɗauka rashin gaskiya ne ya hana shi ɗago ido. Ɗan Amurka kuwa an koya masa ya dubi babba ido cikin ido, ya kuma faɗi dalilinsa, mu kuma malaman gida sai mu ga kamar rashin kunya. Kowannensu ladabin gidansu yake yi. Kafin mu hukunta yaro, ya kamata mu san da wace al'ada yake yi mana biyayya. Littattafanmu ma suna bukatar irin wannan lura. Yawancinsu daga waje suke zuwa, da labarin dusar ƙanƙara da lokatai huɗu na shekara, alhali a bayan taga hunturu ne ke busa ƙura. Malamin kirki zai koyar da abin da ke cikin littafin, ya kuma fita da aji su auna ruwan damina, su san dalilin da ya sa acca ke yi a ƙasar da masara ke ƙi.

Wurin da ya fi damunmu shi ne ma'aikata. Masu dafa abinci, masu gadi, masu shara da direbobi, da yawansu dattawa ne a ikkilisiyoyinsu. Waɗansu suna wa'azi ranar Lahadi, waɗansu matan suna shugabancin zumuntar mata. Abin baƙin ciki ne a ji yaro ɗan shekara goma sha uku yana kiran mai furfura da sunansa tsirara, ko ya miƙa masa kwano da hannun hagu ba tare da ko sannu ba. Mun sani a waɗansu ƙasashe kiran babba da sunansa alamar sabo ce. A nan ba haka ba ne. A nan Baba ne, Mama ce. Masu bisharar farko sun sha wahalar koyon Hausa har aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da ita a 1932. Ba zai yi kyau jikokinsu na aiki su yi shekara shida ko goma a ƙasar nan ba su iya "Ina kwana, Baba, yaya gajiya?" ba. Wannan magana ta shafi 'ya'yan ƙasa ma, waɗanda suke jin Hausa sarai a gida amma suke jin kunyar ta da zarar sun shigo ƙofar makaranta.

Nassinmu na biyu ya kai mu Antakiya, garin da aka fara kiran masu bi Kirista. Bitrus yana ci tare da masu bi na al'ummai lafiya lau. Da waɗansu baƙi suka zo daga Urushalima, sai ya janye, ya ware kansa don tsoronsu, har Barnaba ma ya bi sahu. Bulus kuwa ya tsaya masa a gaban kowa. Bitrus bai sāke koyarwarsa ba, wurin zamansa kawai ya sāke, amma Bulus ya ga abin ya taɓa gaskiyar bishara. Ku shiga ɗakin cin abincinmu da rana ku duba. Ba wanda ya kafa doka, duk da haka tebur ya san nasa. Ba laifi ba ne mutum ya nemi mai jin harshensa bayan ya yini cikin Turanci, gajiya ce, mun kuwa gane. Laifin yana wurin wanda yake da aboki a aji, amma in 'yan ƙasarsu suna kallo sai ya yi kamar bai san shi ba. Hausawa sun ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.

Sauran magana ɗaya, ta masu tafiya. Makaranta irin tamu wurin rabuwa ce, kowane ƙarshen shekara akwai akwatuna a bakin ƙofa. Wata masaniyar zaman jama'a 'yar Amurka, Ruth Hill Useem, ta kira irin yaran nan 'ya'yan al'ada ta uku, domin ba su zama 'yan ƙasar iyayensu sosai ba, ba su kuma zama 'yan ƙasar da suka girma sosai ba. Ruth Van Reken, 'yar masu bishara da aka haifa a Kano, ta rubuta littafi a kansu tare da David Pollock a 1999, inda suka nuna cewa baƙin cikin rabuwar da ba a yi kukansa ba yana bin mutum har girma. Saboda haka waɗansu yaranmu sukan fara sanyi da abokansu tun kafin ranar tafiya, ko su tsokano faɗa, don kada sallamar ta yi zafi. Malamai da iyayen ɗakin kwana, mu gane wannan in mun gan shi.

'Yan ajin ƙarshe, kafin ku shiga mota, ku karanta Ayyukan Manzanni sura 20 daga aya 36, ku ga yadda Bulus ya yi sallama da dattawan Afisa: sun durƙusa sun yi addu'a, sun yi kuka, suka raka shi har bakin jirgi. Sa'an nan ku bi ta ɗakin girki da bakin ƙofa ku yi wa su Mama da su Baba ban kwana da Hausa, ku tsaya har su gama sa muku albarka.