HANYOYIN INGANTA SHAFIN BIBIYAR FARASHI A INTANET

Gabatarwa

Shafin bibiyar farashi shi ne wanda yake tattara kuɗin kaya daga wurare daban-daban, ya adana, sannan ya nuna wa mai saye yadda farashin yake hawa da sauka. Misali shi ne CamelCamelCamel, wanda aka buɗe a shekarar 2008 domin bin farashin kayan kamfanin Amazon. A nan gida Nijeriya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa takan fitar da rahoton farashin kayan abinci, amma sau ɗaya a wata. Shi kuwa ɗan kasuwar da zai yi lodin wake daga Dawanau a Kano zuwa Bodija a Ibadan ko Mile 12 a Legas, farashin yau yake bukata. Wannan maƙala za ta duba abubuwa biyu da irin wannan shafi yake bukata, wato sauri da kuma ingancin ayyukansa.

1. Sauri

Wani bincike da kamfanin Google ya fitar a shekarar 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta wayar hannu sukan fice idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Ga hanyoyi uku na magance wannan matsala:

(a) Rage nauyin hotuna. Yawanci hotuna ne suka fi cin data a shafi. Sai a ƙanƙanta su, a kuma ajiye su a tsarin WebP da Google ya fito da shi a 2010, domin ya fi tsarin JPEG rashin nauyi.

(b) Ma'ajiyar wucin gadi. Idan mutum dubu suka nemi farashin masara a safiya ɗaya, babu dalilin da zai sa kwamfuta ta yi lissafi sau dubu. A yi shi sau ɗaya a ajiye amsar, kowa ya zo a miƙa masa. Sai dai a kula, dole a riƙa sabunta ta da zarar sabon farashi ya shigo, domin tsohon farashi yana iya jefa ɗan kasuwa cikin asara.

(c) Fihirisa a rumbun bayanai. Kamar yadda ɗalibi yake neman kalma a ƙamus ta bin jerin baƙaƙe, haka fihirisa take kai kwamfuta ga sunan kaya kai tsaye, ba sai ta karance rumbun duka ba.

2. Ayyukan Shafi

(a) Daidaita ma'auni. Wannan shi ne babban aiki. A Kano da tiya ake awo, a Ibadan da kongo, a Legas kuwa da derika ko bokitin fenti. Hatta buhu ma wani ya fi wani girma. Idan shafi ya jera waɗannan ba tare da ya mayar da su kilo ba, to kwatancen ba shi da amfani.

(b) Tarihin farashi. A nuna jadawalin aƙalla shekara guda, yadda mai karatu zai ga cewa hatsi yakan yi araha da kaka, ya yi tsada idan damina ta yi nisa. Kowane farashi kuma a rubuta ranarsa da kasuwar da aka samo shi.

(c) Saƙon faɗakarwa. Mai saye ya rubuta farashin da yake jira, idan kaya ya kai nan sai a tura masa tes. Wannan zai amfani har wanda ba shi da babbar waya.

(d) Harshe. Nan ne mu ɗaliban Hausa muke da rawar takawa. Mutane da yawa ba sa samun ƙ, ɗ da ɓ a wayarsu, saboda haka wanda ya rubuta “gyada” ya kamata shafin ya kawo masa “gyaɗa”. Haka kuma a haɗa sunayen kaya, ta yadda “wake” da “ewa” na Yarbanci za su kai mutum wuri ɗaya.

Kammalawa

Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shafin da yake buɗewa da sauri amma farashinsa ba daidai ba ne, cutarwarsa ta fi amfaninsa. Saboda haka mai gina shafi ya fara da tabbatar da sahihancin farashi da ma'auni, sannan ya koma kan sauri, yana gwada shafin a ƙaramar waya a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, domin a nan ne yawancin masu amfani da shi suke.