Kafin a kai idon Baba wurin masu allurar ƙwayoyin asali

Jama'ar Runjin Sambo, idan tsakiyar ganin dattijo ta dusashe, layin Alƙur'ani ya fara lanƙwashewa, a garzaya sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Dusashewar gani sau da yawa yanar ido ce kawai, aiki yana cire ta; lanƙwashewar layi kuwa tana iya zama alamar lalacewar tantanin gani.

Dashen ƙwayoyin halitta na asali domin lalacewar tantanin gani kuwa, har yanzu a matakin gwaji yake, ko da yake an yi wa wata tsohuwa a Kobe ta Japan tun 2014. A Fulorida ta Amurka, mata uku sun rasa gani a 2015 bayan an yi musu allurar ƙwayoyin kitsen jikinsu a ido.

Duk wanda ya nemi kuɗi ya ce zai warkar, ku riƙe aljihunku, ku tambayi likitan ido.