Ina Lambunan Birnin Kano Suka Tafi?

Darasinmu na wannan mako a kan lambu ne, wato ɗan filin da ake noman kayan miya da ganye ta hanyar ban ruwa, da kuma dalilin da ya sa yake ɓacewa a cikin birnin Kano.

Yadda abin yake a da

Ganuwar Kano ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Hikimar ita ce ko abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya, abinci ba zai yanke ba.

Bayan zamanin yaƙi ma lambu bai mutu ba. A gefen rafin Jakara da na Getsi, da unguwanni irin su Ƙofar Ruwa da Kwakwaci, manoma suna shuka latas, kabeji, alayyafo, karas da albasa. Da jigo suke ɗebo ruwa kafin zuwan injin ban ruwa. Sharar gari kuma a kan jakuna ake kai ta gona ta zama taki. Gari ya ba lambu shara da ruwa, lambu ya mayar masa da abinci.

Me ya cinye su?

Na farko, yawan jama'a. A ƙidayar 2006, mutanen Jihar Kano sun haura miliyan 9, kuma kowane sabon magidanci yana neman inda zai kafa gida.

Na biyu, kuɗi. Abin da mai fili zai samu idan ya yanka shi filoti-filoti ya sayar ya fi abin da latas zai kawo masa cikin shekaru masu yawa. Haka gonaki da dama suka koma unguwannin awon igiya. Rabon gado ma yana taimakawa: fili ɗaya, magada goma, mafi sauƙi a sayar a raba kuɗin.

Na uku, rashin mallaka. Da yawa daga cikin masu lambu aron fili suke yi ko haya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma yana da ikon karɓar fili don amfanin jama'a. Diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da abin da aka gina, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da ba shi da takarda kuwa, ba shi da bakin magana.

Na huɗu, ruwa. An cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, an kuma rufe wani sashe na Jakara da kankare an shimfiɗa titi. Ruwan da ya rage a Getsi yana ɗauke da dattin masana'antun Bompai, abin da ke jefa mai noma da mai ci cikin haɗari.

Me muka rasa?

Ganye ba ya jure tafiya. Alayyafon da aka yanka da asuba a bayan unguwa yakan isa tukunya kafin azahar. Yanzu kayan miya masu yawa daga Kura da Kadawa suke zuwa, inda ake ban ruwa da madatsar Tiga, sai a sauke a kasuwar 'Yankaba. Kuɗin mota da asarar hanya duk a kan mai saye suke ƙarewa. Ga masu talla da leburorin lambu da suka rasa abin yi. Sannan ƙasar lambu tana shanye ruwan sama, kankare kuwa ba ya sha, sai ruwan ya nufi gidajen mutane.

Ba mu ce kada a yi gini ba, domin mu ma a gidaje muke kwana. Amma gona idan ta zama gida ba ta sake komawa gona. Don haka ya kamata masu tsara birni su ware bakin rafi da fadama tun kafin dillalai su iso, su ba manoman takardar haya mai tsawon shekaru.

Aikin gida

1. Mu tambayi wani dattijo a unguwarmu: me ke wurin da gidanmu yake shekara 40 da suka wuce?
2. Mu tambayi mai kayan miya daga ina tumatirinsa ya zo.
3. Kowane aji ya nemi izinin malamin aikin gona ya shuka alayyafo ko zogale a buhu ko tsohon bokiti a bayan ajinsa.

A kawo amsoshi ga ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Waɗanda suka fi kyau za mu liƙa su a wannan allo mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.