Mece ce makarantar Lahadi, kuma me ake koya wa yara a cikinta?

Wani matashi mai sana'ar ɗinki ya rubuto daga Funtuwa yana cewa: "Kawu, maƙwabcinmu Kirista ne, Bahaushe, mutumin wajen Ƙafur. Duk Lahadi da safe yaransa kan fita da littafi a hannu, su ce za su makarantar Lahadi. Boko suke yi ranar hutu, ko kuwa irin Islamiyyarmu ce? Kuma na ji suna bitar karatunsu da Hausa, ni kuwa na ɗauka komai na coci da Turanci ake yi."

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Hasashenka na biyu ya fi kusa, domin makarantar Lahadi wurin koya wa yara addini ne. Sai dai sau ɗaya ake zama a mako, na kamar awa guda, kafin babbar sujada ko a lokacin da manya ke sauraron wa'azi. Akan raba yaran bisa shekarunsu. Inda babu ɗakuna, gindin bedi ko mangwaro ya wadatar. Malaman yawanci 'yan sa-kai ne: wani manomi, wata malamar firamare, wata matar fasto. Za a yi waƙa, a ba da labari ɗaya daga Littafi Mai Tsarki, a yi addu'a, kowa ya jefa ɗan baikonsa, wato abin da aka ba shi daga gida ya bayar saboda Allah. Sannan a ba su ayar haddacewa, gajeruwar aya da yaro zai kawo da ka mako mai zuwa. Ita ce ka ji suna bita.

Amma da ka ce boko, ba ka yi nisa da gaskiya ba. A shekarar 1780 wani mai buga jarida a garin Gloucester na Ingila, Robert Raikes, ya tara yaran da ke aikin masana'anta kwana shida a mako, ya ɗauki mata su koya musu karatu ranar Lahadi, ranar da kaɗai suke da sarari. Da makarantun gwamnati suka yawaita, sai aka bar musu koyar da baƙi da wasali, ita kuma ta tsaya kan addini. A ƙauyukanmu ma dattawa da yawa a majami'a suka fara haɗa baƙi, don su iya karanta Littafin da kansu.

Batun Hausa kuwa, Kiristocin yankin nan kashi biyu ne. Akwai waɗanda jirgin ƙasa da cinikin auduga suka kawo Funtuwa daga Kudu, tun da layin dogo na Zariya zuwa Ƙaurar Namoda ya ratsa garin a ƙarshen shekarun 1920. Su ne ka saba ji suna sujada da Turanci ko Yarabanci ko harshen Ibo. Akwai kuma 'yan ƙasa, akasarinsu daga gidajen Maguzawa na Malumfashi da Ƙafur da kewaye, waɗanda ba su da wani harshe sai Hausa. Mishan ɗin SIM, wanda ya fara shigowa Nijeriya a 1893, ya yi aiki a cikinsu, kuma daga gare shi ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Katolika ma sun kafu a Malumfashi. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi shekaru yana yi tare da abokan aikinsa. Saboda haka yaron maƙwabcinka Allah yake cewa, ya san Ibrahim da Musa da Dauda, ya san Zabura, yana kiran Yesu da Almasihu.

A ganina yaran karkara sun fi 'yan birni morar wannan karatu. Ɗauki misalin mai shuka da ke Matiyu sura 13, inda iri ya faɗi a hanya, da kan dutse, da cikin ƙaya, da ƙasa mai kyau. Yaron da ya bi babansa yana binne masara ba ya bukatar dogon bayani, ya ga yadda tsuntsaye ke tsince iri, ya ga yadda ciyawa ke shaƙe shuka in an makara da noman fari. Haka labarin Yusufu da ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, kowane yaro a nan ya san amfanin rumbu. Malamin da ya iya aikinsa daga gona yake farawa, wanda bai iya ba kuwa sai ya yi ta karanto takarda yara na gyangyaɗi.

Ikilisiyoyin ba hanyarsu ɗaya ba. ECWA da Baftis ba sa yi wa jariri baftisma, wato wankan shiga addini. Sukan miƙa shi ga Allah da addu'a, sai ya yi hankali ya shiga ajin baftisma ya furta bangaskiya da bakinsa. Katolika da Angilikan kuwa tun yana jariri suke yi masa, in ya tasa ya koyi katikizim, wato koyarwar addini ta hanyar tambaya da amsa, kafin bishop ya ɗora masa hannu a bikin tabbatarwa. Mai koyar da wannan a ƙauyen da babu fada, wato limamin Katolika, shi ake kira katikis, kuma a Malumfashi akwai cibiyar Katolika ta horar da su. Daga wannan yanki ne Gerald Mamman Musa ya fito, wanda aka naɗa bishop na farko na sabon dayosis ɗin Katolika na Katsina a 2023.

Su kansu malaman za su faɗa maka awa guda ba ta isa ba. Sauran aikin yana gida, wajen addu'ar safe da ta dare, da waƙoƙin da iyaye mata ke kawowa daga Zumuntar Mata suna rerawa a bakin murhu. Akwai kuma ƙungiyoyin Birged na maza da na 'yan mata, masu kaki da ganga da fareti, inda ake haɗa ladabi da karatun Littafi. Da kaka, ranar sujadar godiya, za ka ga yaran nan sun shigo majami'a a jere, wani da damin dawa a ka, wata da kwanon wake ko kaza a hammata.