Mai zanen da ya sa aka shafe zanensa

Wata wasiƙa ta zo mana daga Damagaram. Mai ita yana tambaya: wai da gaske ne a Jamus an yi wani mai zane da ya sa aka shafe aikinsa, alhali mutane na tururuwar zuwa kallo?

Ƙwarai kuwa, Malam, an yi haka a unguwar Kreuzberg ta birnin Berlin. Wani ɗan Italiya da ake wa laƙabi da Blu ya yi manyan zane biyu a jikin dogayen gine-gine a titin Cuvry, a 2007 da 2008. Ɗaya na wasu mutum biyu ne, kowa na ƙoƙarin yaye wa ɗan'uwansa abin rufe fuska. Ɗayan kuma wani attajiri ne marar kai, sanye da farar riga, da agogunan zinariya a hannuwansa biyu, sarƙa ta haɗa su kamar ankwa.

A lokacin, a gindin zanen akwai wani fili a bakin kogin Spree. Nan marasa muhalli da iyalan ƙabilar Roma da matasa masu zane suka kakkafa bukkokin katako da tantuna, suna tafiyar da zamansu da kansu, ba mai karɓar haya. Mai filin kuwa gini yake so ya yi. A Satumban 2014 gobara ta tashi a wurin, 'yan sanda suka fitar da kowa, ba a sake barin su sun koma ba.

A Disambar shekarar, cikin dare, abokan Blu suka bi zanen da baƙin fenti, da yardarsa. Hujjarsu ita ce zanen ya koma abin tallar unguwar: masu yawon buɗe ido na zuwa, kuɗin haya na tashi, talakawan da aka yi zanen a cikinsu ana korarsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Wasu mazauna birnin sun ji zafin abin, kuma ban ga laifinsu ba, don zanen ya yi kyau matuƙa. Amma ni, Malam, abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da suka rasa wurin kwana ana gab da shiga hunturun Turai, kuma a ganina Blu ya yi daidai da ya tsaya a ɓangarensu. A 2016 ma ya shafe zane-zanensa na birnin Bologna da fenti mai ruwan toka, lokacin da aka fara ɓamɓare ayyukan masu zane daga bango ana kai su gidan baje koli.