Amsoshin Tambayoyinku: Kamun Kifin Tirawut a Birtaniya

Wani mai sauraronmu daga Yawuri yana tambaya: wai da gaske ne Turawa na kama kifi da ƙudan bogi, kuma ko yaushe mutum ya ga dama zai iya shiga kogi?

To malam, gaskiya ne. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaurawa a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, a wurga ta kan ruwa. Kifin tirawut, mai son ruwan sanyi, ya taso ya cafke.

Batun lokaci kuwa, akwai doka. A Sikotland daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba ake kama shi, bayan nan a bar shi ya saka ƙwai. A kogin Test na kudancin Ingila, ƙarshen Mayu ne kakar abin: wasu ƙwari ke fitowa daga ruwa tuli, kifi ya ruɗe da ci, har ɗan koyo ma ya samu rabonsa. In zafi ya shigo ruwa ya yi ɗumi, sai da asuba ko almuru.

Shiga kogin ma ba kyauta ba ce. A Ingila sai ka yanki lasisin gwamnati, sannan ka biya mai iko da wurin, kuma kuɗin Test ba na talaka ba ne.